Kellu Tana Ƙetaren Kogi

Kusuri, Kamaru, 1980

Zuwa ga ƙanena Kaumi a Roni,

Bayan gaisuwa, yaya iyali? Ni lafiya lau, sai ƙafa. An karanta mini wasiƙarka, wai in dawo gida. Shekara goma ina Njamena ba ka aiko ba, sai yau?

Ranar da yaƙi ya koro mu, harsashi ya sami matata Kellu a bakin kogi. Aka tura ni cikin kwalekwale aka ƙetaro da ni nan Kusuri, aka bar ta kwance a can. Kullum na je mashiga, sojoji su ce, "Baba, koma."

Likkafanin da na sayo wa kaina a Makka nata ne yanzu. Ku yi mata sadakar arba'in. Ni ba inda zan je sai na rufe ta.

Yayanka,
Dunoma