Ƙarfe Mai 'Yan Rakiya

Garki, Abuja

Zuwa ga aminiyata Yelwa,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara da Malam. Ya Kwantagora, ya zafi?

Aikin gwiwata dai an ɗage. Likita ya ce jinina bai kai ba, ƙarfe ya yi ƙaranci, sai ya hau za su taɓa ni. Ƙwayar da suka fara ba ni ba ta yi komai ba sai ƙulle ciki.

Jikata Kauthar, 'yar wajen Abdulmajeed, wadda ke karatun kimiyyar haɗe-haɗe, ita ta gano dalili. Ta tauna goro, ta tofa a kofi, ta narka ƙwayar a ciki, ruwan ya koma baƙi ƙirin, irin na dukawa in sun haɗa ƙarfe da bagaruwa. Wai haka goro da shayi suke cafke ƙarfen a cikina, ya wuce a banza.

An canza mini wata. Ita wannan, in ji malama Kauthar, ƙarfenta yana da 'yan rakiya biyu, gilaisin, cikin ƙananan abubuwan da ake gina tsoka da su. Kowace ta riƙe shi da hannu biyu, ɗaya naitirojin ɗaya oksijin, sun yi masa zobe har ya isa inda za shi. Na ce to madalla, ƙarfe ma ya samu gata, ita ko saurayin rako bakin get babu. Duk da haka ta hana ni goro.

Taki,
Rumasa'u

Zuwa ga aminiyata Yelwa,

Bayan gaisuwa da tambayar jikin Malam, saƙonki na goro ya iso ta hannun direba, kuma an ƙwace shi a ƙofa.

An sake awo, jinin ya ɗan motsa amma bai kai ba. Kauthar ce ta raka ni asibiti. Da muka dawo ta ce in yi mata dariya, ta ga haƙora jajur. Maigadi nake aika Durumi a ɓoye yana sayo mini goro.

Ke zan gaya wa, ba kwaɗayi ba ne. Na fahimci bayanin yarinyar sarai, shi ya sa ma na ƙara yawan goron. Muddin jini bai hau ba, wuƙa ba ta zo ba. Ita ma ta gane. Ba ta gaya wa ubanta ba, sai ta ajiye mini darduma a ƙasa ta fita. Rabona da sujada goshi a ƙasa tun kafin azumin bara, kullum a kujera kamar oga a ofis.

Na bar goron. Jiya aka ce jinin ya kai, ranar Alhamis za a shiga da ni.

Ki sa ni a addu'a. Ki kuma gaya wa ƙanena Lawal kada ya fara lissafin gadon awakina tukuna.

Taki har kullum,
Rumasa'u