Hannun Auta Ne Ke Gardama

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya gwiwar Inna? Mu nan sai godiya. Ina nan ina guga a otal ɗin. Ƙafata na ɗan kumbura saboda tsayuwa, amma ba wani abu ba ne, kada Inna ta ji.

Albishirinka, 'yarka Auta ta zo ta ɗaya a gasar ƙaga labari ta ajinsu. Autar nan dai da Baffa ke kira daƙiƙiya saboda munin rubutunta.

Malamarsu ce ta tura mu wurin wata ƙwararriya a kan matsalolin koyo na yara. Matar ta ce Auta ta ba ta labari da baki, yarinya ta yi ta zuba kamar rediyo. Da aka ce ta rubuta shi, sai ta damƙe fensir har yatsunta suka ƙage, layi biyu ya gagara. Matar ta ce ba lalaci ba ne, saƙon ƙwaƙwalwa ne ke wahalar isa hannu, kuma akan gaji abin. Yanzu ana ƙara mata lokaci a jarrabawa, tana faɗa kwamfuta na rubutawa.

Da aka ambaci gado, kai na tuna, da bulalar da ka sha har ka bar makaranta. Yaya, kai ma ba daƙiƙi ba ne. Ka gaya wa Baffa, in ji ni.

Kada ka wahalar da kanka da takarda, aiko mini amsa da murya. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka