Hantar da Kawu Genzo Ya Ajiye wa Baba

Hagi, 21 ga Fabrairu, 1988

Zuwa ga Yayana Masaharu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Kiyomi da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya raba ka da zazzaɓin Mombasa da ka ce ya kwantar da kai kwana biyar. Kullum da safe in na kunna wa marigayiya Mama turare a gaban hotonta sai na ambaci sunanka. Mu nan sanyi bai sake mu ba tukuna, teku ma ta yi mako guda tana fushi, jiragen kamun kifi da yawa ba su fita ba. Maigidana Shunsuke yana nan lafiya, sai tarin nan da ya ƙi barinsa saboda shi ma ya ƙi barin taba. 'Yata Natsuko kuwa jarrabawa ta sa ta gaba, ko sunanta ka kira sai ka maimaita sau uku.

Yanzu Yaya ka nemi wuri ka zauna, domin abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba mai daɗi ba ne, kuma na san za ka yi fushi da ni. Ka yi fushin, amma ka karanta har ƙarshe tukuna.

Wata huɗu ke nan da likita ya kira ni ni kaɗai, ya rufe ƙofa, ya ce ciwon daji ne a cikin Baba kuma ya riga ya bazu. Da na buga maka waya ka ce kada a kuskura a gaya masa, a bar shi a kan gyambon ciki ne, kamar yadda kowa yake yi wa tsohonsa. Ka sa na yi maka alkawari, na kuwa yi. Na ɓamɓare takardun da ke jikin kwalaben magani. Na koya wa Natsuko abin da za ta ce in kakanta ya tambaye ta. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to nawa ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa. Kai kana can bakin wata teku kana ba da umarni ta waya, ni ce nake kallon idon Baba kowace safiya ina ce masa ya fara yin ƙiba. Ba gori nake maka ba, amma gara ka sani.

Ka tuna duk watan Fabrairu sai Baba ya je cin kifin nan mai dafi, fugu, a shagon Kawu Genzo, abokinsa tun suna firamare, can bayan kasuwar kifi inda kujeru bakwai ne kacal a gaban kanta. Ka kuma tuna wasan da suke yi. In Baba ya ƙoshi sai ya bugi kanta ya ce a kawo masa hantar, wai namiji bai ci fugu ba sai ya ɗanɗana inda dafin yake. Kawu Genzo kuma sai ya nuna shi da wuƙa ya ce masa tsohon banza, in mutuwa yake nema ga teku nan ba ta da ƙofa, amma ba a shagonsa ba. Baba ya ce masa matsoraci, shi ya ce wa Baba mai kan kwale-kwale, kowa ya yi dariya. Shekara talatin suna wannan, tun kafin hukuma ta hana sayar da hantar, kuma bai taɓa ba shi ko ƙwarzane ba.

Bana na so in hana shi zuwa, don cokali uku na kunun shinkafa yake sha ya ture kwano. Ya ce tun yaushe gyambon ciki ya zama kurkuku. Sai na ce to. Ga inda na yi kuskure. Kwana uku kafin ranar na je shagon ni kaɗai, na roƙi Kawu Genzo ya yi wa Baba abu mai laushi, kuma kaɗan-kaɗan don kada ya ji kunyar barin saura. Ya ajiye wuƙarsa ya zuba mini ido. Ya ce Tokiko, shi ya ɗauke ni a kafaɗa ranar bikin jiragen ruwa ina 'yar shekara uku, saboda haka in daina yi masa zagaye-zagaye. Wallahi Yaya ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba. Na faɗa masa komai. Matarsa Inna Haruyo ta riƙe ni, shi kuma ya rantse ko a fuska Baba ba zai gani ba.

Ranar Alhamis da tsakar rana muka je. Baba ya yi aski, ya sa kwat ɗinsa mai ruwan toka wadda yanzu ta yi masa yawa har kafaɗunta suna zubowa. Da muka ɗaga labulen ƙofa Kawu Genzo ya ɗaga murya ya ce kai, ashe tekun ba ta tafi da wannan tsohon ba. Na ji daɗi, na ce a raina lallai ya iya. Mutum biyu ne kawai a ƙarshen kanta, ma'aikatan gidan waya. Aka kawo mana tawul mai zafi, sannan faranti da aka jera kifin a kai, yankakke sirara har kana hango zanen farantin ta cikinsa. Baba ya ci yanka biyu. Ya sha romo kaɗan. Ya kurɓi giyar shinkafa sau ɗaya, ni kuma na kau da kai kamar ban gani ba. Suka taɓa hirar wanda ya sayar da jirginsa da wanda ɗansa ya gudu Osaka. Har na fara sakin jiki.

Can sai Baba ya bugi kanta, ya ce to matsoraci, a kawo hantar. Na yi murmushi ina jiran zagin da aka saba. Zagin bai zo ba. Kawu Genzo ya tsaya da tsumma a hannu yana kallon katakon yanka. Ya goge hannunsa a hankali, yatsa bayan yatsa, ya shige bayan labule. Da ya fito yana riƙe da ɗan ƙaramin kwano, a ciki yanka uku na hanta, fara sol, mai sheƙi. Ya ajiye a gaban Baba. Ma'aikatan gidan wayar nan suka daina tauna.

Yaya, ka san abin da hantar fugu take yi, mun ga yadda aka ɗauko mijin maƙwabciyarmu Inna Sadako muna yara, idonsa biyu amma ya kasa ko motsa yatsa. Na kai hannu zan fizge kwanon, Baba ya dafe mini wuyan hannu. Mutumin da ba ya iya buɗe kwalbar magani, amma ranar sai da ya bar mini shaida a fata. Ya ce in zauna da kyau, a gaban mutane muke. Ya ɗauki sandunan cin abinci, ya tsoma yanka ɗaya a miya, ya kai baki. Ya daɗe yana juya shi a kan harshe. Ya ci na biyu, ya ci na uku. Ya ajiye sandunan, ya sunkuyar da kai ya gode wa Kawu Genzo irin godiyar da ake yi wa baƙo, ba aboki ba. Na kalli Kawu Genzo ina so in ce masa don na gaya maka zai mutu shi ne za ka taya shi, amma ya ƙi yarda mu haɗa ido. Inna Haruyo ta ja hannun rigata wai in zo ciki ta nuna mini wani abu. Na fizge. A lokacin ko muryarsu ba na son ji.

A cikin tasi na ce wa direba ya kai mu asibiti. Baba ya ce gida. Direban ya dube mu ta madubi, ya bi maganar babba. Muna shiga na nufi waya, Baba ya ce in na kira motar asibiti, kafin yamma 'yan sanda sun rufe shagon Genzo sun tafi da shi, mutum mai shekara saba'in da huɗu, kuma shi ba zai yafe mini ba. Ya je ya zauna a kan tabarma ta wajen ƙofar lambu, da kwat ɗinsa bai cire ba, ya ce in kawo shayi. Na kawo, rabinsa ya zube a tire. Shunsuke yana wajen aiki, Natsuko tana makaranta, daga ni sai shi sai agogon bango. An ce dafin daga leɓe yake farawa, sannan harshe ya yi nauyi. Saboda haka na dinga jan sa da magana don in ji yadda kalmomi suke fita. Na tambaye shi sunayen jiragen da ya yi aiki a cikinsu, ya lissafa. Na sake tambaya, ya ce ko ni ce na ci hantar. Duk lokacin da ya kai kofi baki sai in zuba wa leɓensa ido. Na yanke wa kaina cewa da zarar ya yi tuntuɓe a kalma ɗaya zan kira, ko da zai tsine mini. Awa ɗaya da rabi muna haka. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan rana ba.

Wajen ƙarfe uku waya ta yi ƙara. Inna Haruyo ce, tana haki, wai tun ɗazu take so ta kira amma baƙi sun hana ta sakat. Ta ce haba Tokiko, kin ɗauka Genzo mahaukaci ne? Hantar kawahagi ce, kifin da ko jariri zai ci ya kwana lafiya. Wai tun ranar da na je Kawu Genzo bai yi barcin kirki ba, ya ce mutum ya roƙe shi abu ɗaya shekara talatin, ba zai iya sake zaginsa a zuwansa na ƙarshe ba, gara ya bar shi ya tafi da daɗin cewa ya ci. Na zauna daɓas a ƙasa ina dariya ina hawaye. Na wanke fuska, na koma wajen Baba da sabon shayi, ina cewa a raina mun tsira, rai yana nan, asiri kuma yana nan.

Ban gama zama ba ya ce Haruyo ce ko. Na ce eh, gaisuwa ta kira. Ya yi 'yar dariya, ya ce tun yankan farko ya san kawahagi ce, shekara arba'in yana teku, ba za a ba shi hantar kawahagi a ce masa wani abu ba. Na ce to me ya sa ya bar ni cikin wannan tashin hankali. Ya ce yana so ya ga ko zan gaya masa da kaina ne, in na ɗauka yau ce ranar. Sannan ya ce ba kifin ne ya dame shi ba. Likita zai iya yi masa ƙarya, aikinsa ne. Ni ma zan iya, 'yarsa ce. Amma Genzo bai taɓa raga masa ba tun suna da ƙuruciya, ko ranar da Mama ta rasu sai da ya ce masa ya tashi ya wanke fuska ya yi kama da mutane. Yau ga shi ya buga kanta, Genzo ya kasa ce masa tsohon banza. Ya ce mai gyambon ciki zaginsa ake yi, wanda ake lallashi kuwa an san inda ya nufa. Ya juyo ya dube ni sosai, ya ce wata nawa likitan ya ce.

Yaya, na gaya masa. Na ce zuwa bazara, in an yi sa'a. Ya gyaɗa kai. Ya ce ashe bai yi nisa da lissafinsa ba. Sai a lokacin ya cire kwat ɗin ya miƙo mini in rataye. Ya ce na sha wahala, kuma ya gode, amma daga yau a mayar wa kwalaben magani takardunsu.

Na karya alkawarin da na yi maka, kuma ni na jawo, garin neman gira na rasa ido. Sai dai ba zan ɓoye maka ba, tun ranar nake barci. Shi ma ya canza. Jiya ya sa Shunsuke ya sauko masa da akwatin takardunsa, ya kuma aika wa Kawu Genzo cewa ranar Alhamis yana nan tafe, in bai tanadi zagi mai kyau ba kada ya buɗe shago.

Na gaya masa kai ne ka ce a ɓoye, don ya tambaya. Bai yi fushi ba, ya ce da shi ne a matsayinka haka zai yi. Amma ya ba ni saƙo, ya ce in rubuta shi yadda ya faɗa, kada in sa masa sukari. Ya san kamfaninku hutu ɗaya yake bayarwa a shekara, kuma ya san kana ajiye naka don jana'iza. Ya ce ka ɗauke shi yanzu. Jana'iza ni da Shunsuke mun isa mu yi, in an ƙona gawa, toka ba ta san wanda ya zo da wanda bai zo ba, shi kuwa har yanzu yana gane fuskar ɗansa.

Ka gaida mini Yaya Kiyomi da kyau, ka ce na gode da ganyen shayin da ta aiko. Ka shafa mini kan Takuma da Chiharu, kakansu yana ta tambayar ko sun yi tsawo. Shunsuke da Natsuko suna gaishe ku, haka ma Inna Sadako. Takardar nan za ta yi mako biyu a hanya, saboda haka kada ka tsaya rubuta amsa. Ka bugo waya ka faɗa mini ranar da jirginka zai sauka.

Ƙanwarka,
Tokiko