Abin da Suka Mai da Faifanmu

Zuwa ga Hamman, mai tsaron gidanmu na farko,

Ina miƙo gaisuwa da girmamawa, irin wadda ta kamaci tsohon aboki. Yau Asabar, an yi ruwa da asuba. Jikina da sauƙi, ban da gwiwar hagu da ta daina kai ni ko bakin titi, da tarin da ya ƙi rabuwa da ni tun farkon damina. Na san rayayyu za su karanta wannan a shafin magoya baya. Su karanta. Da kai nake magana, domin cikin waɗanda muka kafa kulob ɗin nan ni kaɗai na rage, kuma labarin da nake ji a kansa ba mai daɗi ba ne.

Ka tuna faifan? Na mahaifiyarka ne, ka ɗauko ba ta sani ba. Da an tafi hutun rabin lokaci sai ka bar raga, ka zagaya da shi gaban 'yan kallo, gumi na ɗiga daga haɓarka. Wani ya jefa sule, wata ta zuba gyaɗa. Wani manomi daga Betso ya taɓa ɗora mana zakara da ransa. Kana tafe kana cewa, "Ku sa hannu, jama'a, ba da ƙafa za mu je Belel ba."

Da abin faifan nan muka je Belel a bayan motar shanu. Ta maƙale a cikin mayo, wato rafi, muka tura ta da ƙafafun da za mu buga wasa da su. Aka lallasa mu. Muka dawo muna waƙa, muna raba burodi.

Har yau ana zagayawa, Hamman. Bokitin roba ne yanzu, amma faifai ake ce masa. Maƙwabciyata Maman Talatu, wadda ke sayar da kunu a ƙofar fili, ita ke kawo mini labari tunda ƙafa ta hana ni zuwa. Ita ta gaya mini cewa abin da ake tarawa ba na mota ba ne, ba na burodi ba. Ruwan rafali suke kiransa. Ana tarawa a fili, gaban yara, a kai wa alƙalin wasa kafin a dawo daga hutu, don ya tuna a gidan wa yake. Ta faɗa mini haka tana dariya, kamar tana ba ni labarin farashin gero.

'Yan wasan kuwa sun manta rabonsu da albashi. Mai buga mana gaba yana tuƙa keke har zuwa azahar ranar wasa. Wani da roba yake ɗaure takalminsa. Ciyaman ya sayo sababbin riguna, gaskiya ne, amma hotonsa ne a ƙirji, ya fi lambar baya girma.

Ran Lahadin da ta wuce aka yi wasan da idan muka sha kashi, sai dai mu fara shirin faɗawa rukunin ƙasa. Bokiti ya cika kamar ba a taɓa yi ba. 'Yan kwamitin kulob suka karɓa, suka shiga mota suka rufe gilashi. Rafali ya tsaya a inuwa yana jira, ba wanda ya je wurinsa. Da aka dawo, ya ba baƙi fenariti, suka ci mu.

Na tambayi Maman Talatu ko zalunci aka yi mana. Ta ce ina, ɗan bayanmu ya rungumi ƙwallon da hannu biyu kamar an miƙa masa jariri. Ka ji fa. Mutumin nan bai yi mana komai ba illa ya hura gaskiya, don ba a biya shi ya yi ƙarya ba.

A kan wannan aka yi ruwan duwatsu. Rafali ya tsira ta katanga. 'Yan kallo suka karya sandar raga, wadda ni da kai muka ɗauko a kafaɗa daga wurin mai walda. Suka bi motar kwamiti suna ihun ɓarayi.

Washegari mutum biyu daga cikin manyan magoya baya suka zo mini da ƙara. Duk na koyar da su a firamare. Ɗaya ba ya fashin coci, ɗaya ba ya fashin sahun gaba a masallaci. Na zaci kunya ce ta kawo su. Ashe kukansu shi ne an ci amana: sun ba da kuɗin rafali da zuciya ɗaya, kwamiti ya cinye. Suna so in sa baki a dawo da tsari, a riƙa kai wa rafali haƙƙinsa a gaban shaidu. Haƙƙinsa, Hamman. Na dube su, na rasa wanda zan fi ƙyama, wanda ya sace cin hancin ko wanda ke kukan an sace. Ko ruwa ban ce a ba su ba.

Yanzu kwamiti ya ce bashi ya yi wa kulob katutu. Za su sayar da gurbinmu na gasa ga wani ɗan kasuwa na wani gari, tun kafin mu faɗa, tun yana da daraja. Idan aka yi haka, shi ke nan, suna ya tafi, fili ya zama wurin shanya masara. Yau bayan la'asar za a yi taro.

Kai ka kafa mana al'adar nan, cewa ba a yanke babbar magana sai dattijo cikin waɗanda suka kafa kulob ya buɗe baki, kuma idan ya ce a'a, an rufe zancen. Ba a rubuta ta ko'ina ba, amma ba a taɓa tsallake ta ba. Yau ta faɗo kaina.

Ɗanka Buba shi ne sakatare yanzu. Ya zo ran Alhamis, ya durƙusa ya gaishe ni yadda ka koya masa, ya tambayi abin da zan faɗa. Ban ɓoye masa ba. Na ce ba za a sayar ba. Mu faɗa ƙasa, mu koma buga wasa da Mayo Bani da Betso, a ci mu da gaskiya, faifai ya koma na mota da burodi. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "To, Baba. Ran Asabar zan zo da keke in ɗauke ka bayan azahar."

Hannunka ne da shi, Hamman, manyan yatsun nan. Da ya dafa gwiwata zai tashi sai da na kawar da kai. Ni na riƙa ɗaukarsa a wuya a bayan ragarka, yana ja mini kunne duk lokacin da ka kama ƙwallo. Ba na son in yi masa mummunan zato. Na yi wanka, na sa farar rigata, na sa takalmi da ƙyar, an fitar mini da kujera ƙofar gida.

Na yi kewarka, abokina. Da kana nan da kallo ɗaya ya ishe su. Allah ya ba ka hutawa, ya haskaka makwancinka, ya shiryi abin da ka bari. Ni kuma ya ba ni numfashin da zan faɗi kalma ɗayan nan da ƙarfi, kowa ya ji.

Naka har kullum,
Bitrus, ɗan bayanka na dama

Ƙari: An kira magariba. Maman Talatu ta dawo daga fili. Ta ce an yi taro, an gama, an sayar. Sakatare ya sanar cewa jikin Baba ya motsa, ba zai iya fitowa ba. Suka miƙe gaba ɗaya suka yi mini addu'ar samun sauƙi, ta Musulmi da ta Kirista. Ina nan a kujera da takalmina. Buba bai zo ba.