Ƙofar da Na Sa Aka Kulle

Litinin, 3 ga Maris

Baba ya kai babi na tara. Mutumin da wata shida baya ko cokali ba ya iya riƙewa. Likita ce ta ce a samo masa abin motsa yatsu bayan shanyewar ɓarin jikin, ni kuma na kawo masa wasan bidiyon da kamfaninmu ya fitar, tunda ni na rubuta labarin. Na ɗauka kwana biyu zai yi ya ajiye. Ina! Yanzu duk wanda ya zo dubiya sai ya sha labarin jarumar da ke neman ƙanenta a tsibiri. Umma ta haƙura da talabijin ɗin falo.

Alhamis, 6 ga Maris

Ya ga ƙofar.

Shuɗiyar nan ta ƙasan hasumiya. Wai shekara arba'in yana aikin kafinta, ya san ƙofar ado, ya san ta shiga. Sauran ƙofofin garin zane ne a bango, wannan kuwa hinjis uku gare ta, ƙarafan da ke riƙe da ita a bango, har da gurzuwa a ƙasa inda take sharewa in an buɗe. Ya ce ina makullin. Na ce in na faɗa ai wasan ya lalace. Ya yi dariya, ya ce zai nemo da kansa.

Babu makulli a wasan. Bari in rubuta tunda ba mai karantawa. Bayan ƙofar nan babi na goma ne, ainihin ƙarshen labarin, inda take samun ƙanen nata. Tun bara muka gama shi. Ranar da Manaja ya ce kowa ya kawo dabarar ƙara ciniki, ni na buɗe baki na ce a cire shi, a sayar daban a matsayin ƙarin da ake saya a sauke daga baya. Aka yi min tafi. Na ji daɗin tafin kuwa, shi ya fi ci min rai.

Juma'a, 7 ga Maris

A wurin aiki na tare Dogo, mai zanen wasan, a kan hinjis ɗin. Ya ce mantawa ya yi bai goge ba, wa ma zai lura? Na ce kafinta.

Laraba, 12 ga Maris

Baba ya samu littafi yana zana taswirar tsibirin da hagu. Duk inda ya bincika sai ya sa alama. Rijiyoyi, kasuwa, jirgin da ya nutse. Ya yi magana da kowane mutum a garin sau biyu, har tsohuwar da ba ta da abin faɗa sai maganar akuyarta. Ni na rubuta mata maganar, a minti biyar, ina hamma.

Na sa hannu a takarda cewa ba zan yi zancen ƙarin ba sai ya fito. Da ita nake fakewa. Amma takarda ba ta hana ni cewa, Baba bar ƙofar nan ba.

Asabar, 15 ga Maris

Yaya ya zo, ya zauna ya taya shi nema har la'asar. Na ce kaina na ciwo.

Talata, 18 ga Maris

Na kai shi asibiti. Likita ta yaba hannun, ta ce kullum ƙara kyau yake. Sai Baba ya yi ƙasa da murya, ya ce hannu da sauƙi, kan ne yake jin ya taɓu. Wai akwai wani abu a wasa da yara ma ke warwarewa, shi kuwa kusan sati biyu ya kasa. Ya ce da can kallo ɗaya yake wa katako ya san inda zai yanka. Ta tambaye shi ko yana mantuwa, ya ce ƙila. Ta rubuta masa gwajin ƙwaƙwalwa.

Ina zaune a kujerar gefe, jakarsa a cinyata. A mota ya ce kar in gaya wa Umma, hankalinta zai tashi.

Wace irin 'ya ce ni?

Alhamis, 20 ga Maris

Yau zan faɗa. Ban faɗa ba.

Litinin, 24 ga Maris

Ƙarin ya fito yau. Na san ranar, amma na manta yadda muka tsara sanarwar. Na dawo daga aiki na tarar da shi tsaye da jarumar a gaban ƙofar, ga wani akwati ya fito a tsakiyar allo: sayi babi na goma, ga farashi a ƙasa. Ya sa tabarau ya karanta sau biyu.

"Ashe sayarwa ake yi," ya ce.

Na ce e.

"Shawarar wa?"

Na so in ce Manaja. Na ce tawa.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Na ce ina da lambar da zan buɗe masa kyauta, ya ce a'a, tunda na sayarwa ne zai saya kamar kowa. Ya kira Yaya ya yi masa. Kafin ya ajiye waya an gama saukewa, don babin yana cikin wasan tun farko, makullin kawai ake saya. Wannan ma ya lura.

Alhamis, 27 ga Maris

Ya gama. Umma ta ce da jarumar ta ga ƙanenta sai da ya share ido. Na shiga gaishe shi, ya ce babin ya fi sauran duka kyau, kuɗinsa bai faɗi ba. Har na fara jin sanyi a raina, sai ya rufe littafin taswirar.

"Sana'a kowa da yadda yake tasa, wannan tsakaninki da masu saye ne. Amma kina zaune kusa da ni na gaya wa likita kaina ya taɓu."

Ya ce in kira ta da kaina a soke gwajin, in kuma faɗi dalili. Na kira a gabansa. Ban taɓa jin kunya irin ta yau ba.

Laraba, 2 ga Afrilu

Taro a kan sabon wasa. Manaja ya ce ƙarin ya karɓu, wane babi za mu riƙe wannan karon? Kowa ya juyo gare ni. Na ce ƙarshen labari dai yana nan inda yake, in ƙari ake so zan rubuta sabo daga farko. Ya dube ni ya ce za a duba. Ƙila gajiya ce ta sa na faɗa, ban sani ba.

Ban gaya wa Baba ba. Ya fara wani wasan, na wani kamfani. In ya maƙale, Yaya yake kira.