Kada Ka Rage Mini Ruwa

Zuwa ga maigidana, inuwar da nake fakewa, sanyin idona,

Aminci ya tabbata a gare ka, ya ruwan farkon damina da ke sauka a kan busasshiyar ƙasa har ƙamshinta ya tashi! Ya bishiyar tsakar gida mai ganye rani da damina! Ya mai hannun albarka, wanda ko busasshiyar sanda ya kafa a ƙasa sai ta yi toho! Ina gaishe ka gaisuwar da bakina ya kasa kaiwa gare ka, domin duk sanda na buɗe shi sai in tarar ka riga ka juya baya kana laluben takalminka.

Na san za ka yi mamakin tsintar takarda a aljihun rigar aikinka, alhali ɗaki ɗaya muke kwana, ma'aikata ɗaya muke zuwa. To ya zan yi da raina? 'Yan kwanaki ƙalilan suka rage in tafi karatu, kwanakin da na so in riƙa lasa kaɗan-kaɗan kamar zumar da ta kusa ƙarewa a kwalba, kai kuma ka tsaya kana zubar mana da su a ƙasa. Ina cikin baƙin ciki, maigida. Ba zan ɓoye maka ba, kuma ba zan yi masa kwalliya ba.

Ka tuna ranar da aka kawo ni wurin renon itatuwan nan, ina sabuwar ma'aikaciya a ɗakin ajiyar iri, kai kana shugaban wurin? Na fito in taya masu cika ledoji da ƙasa, na danna ƙasar har ta zama kamar bulo. Ka ɗauki leda guda, ka juya ta a hannunka, ka ce, "Malama, in haka za ki riƙa cika mana, sai dai mu shuka haƙuri." Kowa ya yi dariya, ni kuwa na yi kwana da kwanaki ina jin haushinka. Wa zai gaya mini a ranar cewa mai tsokanar nan ne zai zama abin da zan fi jin tsoron rabuwa da shi a duniya?

Ka tuna kuma zamanmu a kan tabarmar falo bayan la'asar, da kwamfutarka mai tsagaggen gilashi wadda sai an tokare ta da filo take tsayuwa? Mu biyu muke neman inda za mu yi digiri na biyu a fannin kula da gandun daji da albarkatun ƙasa. Mu biyu fa, ni da kai! Wace jami'a ce ba mu leƙa ba? Mai kyau ta fi ƙarfin aljihunmu, da mun ga abin da ake biya sai mu rufe shafin a hankali kamar mun buɗe ƙofar ɗakin mutane bisa kuskure. Wadda aljihunmu zai iya kuwa, ba ta da abin ba mu sai kwali. Akwai wadda ta cika baki cewa za ta mai da mu gwanayen daji, da ka duba hoton harabarta ko bishiya guda babu. Ka ce, "Waɗannan ko inuwar ajiye mota ba su da ita, wane daji za su koya mana?" Na yi dariya har da hawaye, ka ƙara da cewa dama araha ba ta ado.

Kai ka koya mini tambayoyin da ake yi wa makaranta kafin a ba ta zuciya. Suna da dajin gwaji nasu na kansu? Malamansu suna shiga daji, ko daga kan kujera suke haddace shi? Waɗanda suka gama a can, ina suke yanzu, me suke yi? Ana ɗauke wa ɗalibi nauyin karatu in zai taya aiki a ɗakin gwaje-gwaje? Ka rubuta wa malamai da yawa, mafi yawansu ko kallo ba mu ishe su ba. Ka bi sawun tsofaffin ɗalibai kana yi musu tambaya kamar mai binciken asalin surukai. In na karaya na ce mu haƙura, sai ka tura mini kofin shayinka ka ce mai nema yana tare da samu.

Sai Inna ta faɗi. Ɓarin jikinta ya shanye, kuma ka san mahaifiyarka, ba ta karɓar magani sai daga hannunka, ba ta yarda kowa ya ɗaga ta sai kai. Ba ka taɓa zaunar da ni ka ce ka fasa naka karatun ba. Kawai na ga ka daina buɗe takardunka, nawa kaɗai kake gyarawa. Kuma a cikin wannan halin ne, kana jinya da hannu ɗaya kana bincike da ɗaya, ka gano mini wurin nan: jami'a mai nisa, mai dajinta, da farfesar da ta shafe shekaru tana bincike a kan yadda ake farfaɗo da ƙasar da zaizaya ta cinye. Sun ɗauke nauyin karatun, ni kuma zan taya ta aiki. Ranar da amsa ta zo ka fi ni murna, ka yi ta zagaya falo kamar yaron da aka saya wa keke. Da na durƙusa gaban Inna ina kuka, ta dafa kaina ta ce, "Je ki, 'yata, ilimi ba ya jiran kowa. Mijinki kuma zan riƙe miki shi da hannun nan da ya rage mini."

Daga nan ne fa na rasa gane kanka.

Ina kiran da kake yi mini da tsakar rana, kana rumfar dashe ina ɗakin iri, tsakaninmu bai fi jifa ba, don kawai ka tambaye ni ko na ci abinci? Ina shayin da kake ajiye mini a kan taga? Ka daina ɗaukata a babur, wai in saba da shiga motar haya. Ƙwan fitilar ɗakin girki ya mutu, ka miƙo mini sabo ka ce in hau kujera in sa da kaina. In na kira ka, shiru kake ji, kamar an aiki bawa garinsu. In ka dawo, ka wuce ɗakin Inna, ka ci abinci a tsaye, ka kwanta fuskarka na kallon bango. Wayyo! Ka san yadda bayan masoyi yake da faɗi in ya juya shi? Na yi ta tuhumar kaina. Na ce ko nadama ce ta kama ka, ko zuciyarka ce ta kasa ɗaukar cewa ni zan tafi da mafarkin da muka yi tare, kai ka zauna. Har na buɗe kwamfutar nan na rubuta wa farfesa cewa ta ba wani gurbin, ni na fasa. Ban tura ba, amma saƙon yana nan a ajiye, domin na gwammace in rasa digiri da in rasa ka.

Jiya da hantsi na fito da buhun iri, na tarar kana yi wa sababbin ma'aikata bayani a bakin rumfa, ba ka gan ni ba. Na ji kana cewa, "Dashen da ya kusa tafiya fili ba a shagwaɓa shi. Ku riƙa rage masa ruwa kaɗan-kaɗan, ku janye masa rumfa, ya saba da rana tun yana gida. Wanda ya ji daɗi har ranar tafiya, shi ke fara mutuwa a can. Kuma ku riƙa ɗaga ledojin kuna sauya musu wuri, kada saiwa ta huda leda ta kama ƙasa. In ta kama, ranar ɗauka sai an tsinka ta." A kan wannan kalma ta ƙarshe ka ji motsina. Ka ɗago muka haɗa ido, ka yi sauri ka sunkuya kana gyara ledar da ba abin da ya same ta. Labarin zuciya a tambayi fuska. Na koma ɗakin iri na rufe ƙofa na yi kuka har na gode Allah.

Haba maigida! Haba rabin raina! Ashe ni ce dashen? Ashe ruwa kake rage mini, rumfa kake janye mini, don kada rana ta kashe ni a can? Wane irin so ne wannan, mai yanka kansa don ya koya wa masoyi jure zafin wuƙa? Aiki ya shiga jininka har ka rasa inda ledoji suka ƙare, inda matarka ta fara! Na yarda ba wanda ya fi ka sanin itace, duk dashen da ya fita daga hannunka yana rayuwa. Amma a kaina ka yi kuskure. Ni matafiyiya ce, kuma matafiyi ba a horar da shi da yunwa, guzuri ake cika masa. Ranar da zan zauna ni kaɗai a ɗakin da ban san kowa ba, littattafai sun yi mini yawa, ruwan sama yana zuba a kan kwanon rufin da ba namu ba, me kake so in buɗe in ci? Bayanka da ka juya mini? Ka bar ni in tafi da dariyarka, da tsokanarka, da ɗumin shayin nan na kan taga. Da su zan rayu har in dawo.

Kai kuma fa, wa yake horar da kai? Ka ɗauka ban ga wuyan rigarka ya yi maka yawa ba? Ka ɗauka ban san kana zuwa ka tsaya a ƙofar ɗakin iri in na fita, kana kallon kujerata ba? Ni kake rage wa ruwa, amma kai ne kake bushewa. Sabo ake yi wa kuka, na sani, kuma za mu yi kukan ko mun so ko mun ƙi. To mu yi shi tare mana, tun muna iya share wa juna hawaye.

Yanzu ga abin da nake so ka yi. In ka gama karanta wannan, ka zagaya bayan tankin ruwa, inda ake jingine baro. Za ka ga wata 'yar tsamiya a leda. Tun ranar da amsar jami'a ta zo na ɓoye ta a can, ina ba ta ruwa safe da yamma, ban taɓa ɗaga ta ba, ban taɓa sauya mata wuri ba. Na karya dokarka ina sane, in ka ga dama ka yi mini faɗa a gaban ma'aikata. Jiya bayan na gama kuka na je na gwada jan ta, ko motsi ba ta yi ba. Saiwarta ta huda leda, ta kama ƙasa. Wannan ba za ta je fili ba, ba mai ɗaukar ta sai ya kashe ta. Jikina ne kawai zai hau mota, maigida. Abin da ya kama ƙasa a gidanka ya riga ya kama, ka makara da ɗagawa. Ka riƙa ba ta ruwa, kada ka rage mata ko ɗigo. Tsamiya ba ta gaggawar girma, kafin ta kawo kafaɗarka na dawo da yardar Allah.

Na goge saƙon da na rubuta wa farfesa. Zan tafi, zan yi karatun nan na mutum biyu, rabi da sunana rabi da naka, in dawo in zube maka shi a kan tabarmar da muka fara nemansa. Amma yau da tsakar rana zan ajiye wayata a kan taga, kusa da inda kofin shayi yake zama. Don Allah, don darajar Inna, ka kira ni ka tambaye ni ko na ci abinci.

Taka a yau, taka a can inda zan je, taka har ranar da za a mai da ni ƙasar da muke cika ledoji da ita,

Matarka, mai danna ƙasa kamar bulo.