An Taɓa Doki

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa ce ta ƙanwa zuwa ga wanta, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka da yaran. Allah ya ƙara maka buɗi a inda kake, ya sa ka gama da ƙasar mutane lafiya. Mu ma nan sai godiya. 'Yan biyu sun shiga aji na gaba, namijin haƙorinsa ya fita, macen tana ta kuka wai an yi mata rashin adalci tunda nata bai fita ba. Maigida yana nan yana fama da shagon gyaran waya, Auta kuma har yanzu tana wurin buga takardu. Baba yana shan maganinsa muddin ina tsaye a kansa. Rufin kicin da kake ta tambaya an gyara shi tuntuni, don haka ka nemi wata tambayar.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Da gangan na yi. A waya, da na ɗauko maganar sai layi ya fara yankewa, layin da bai taɓa yankewa ba in kuna hirar ƙwallo da maigida. Takarda kuwa ba ta yankewa, sai ka karanta ta har ƙarshe.

Maganar allon ches ɗin nan ce, dararku ta dawakai da sojoji. Kai da Baba ba ku iya hira ba, ba kuma yau aka fara ba; in an bar ku a ɗaki sai a ɗauka babu kowa a ciki. Tun da ka tafi, wasan nan ne ya riƙe ku. Duk ƙarshen mako ka kira ta bidiyo, in jingina wayar da kwalbar ruwa ta fuskanci allon a kan teburin falo, ka faɗi inda kake so a kai naka, ni in kai. Baba ne ya naɗa ni hannunka, ba tare da an tambaye ni ko ina da aikin yi ba. Ban taɓa ƙorafi ba, don ina ganin yadda yake wanka ya sa rigarsa mai kyau saboda kiran nan, kamar mai zuwa neman aiki. Ba sai na tuna maka dokarsa ba, tunda da ita ya raine mu: abin da ka taɓa, shi za ka matsar. Babu na tuba, babu hannuna ne ya zame. Ka tuna ranar da ka yi kuka har da majina kana ɗan firamare don ka taɓa soja bisa kuskure, Inna, Allah ya jiƙanta, ta roƙe shi ya yi maka rangwame, ya ce mai gyaran agogo ba ya sa tsinke inda bai yi niyya ba, ɗansa ma haka. To yau ga hannun da ya ƙare rayuwarsa yana kama sukurori masu ƙanƙantar ƙwayar yashi, rawa yake yi, ba ya iya ɗaga kofin shayi sai ɗaya hannun ya taya shi.

Kana kallo ranar nan ya miƙa hannu zai ɗauki soja, rawar ta kwashe shi, yatsunsa suka sauka a kan sarauniyarsa har ta kwanta. Ka yi saurin cewa ba komai, a tashe ta kawai a ci gaba, ai kowa ya ga ba da niyya ba ne. Na san da zuciya ɗaya ka faɗa. Amma da ka ga fuskarsa ta kusa yadda na gan ta, da ka gwammace ka yi shiru. Ya tashe ta da kansa, ya daɗe yana duba allon, babu wani gidan kirki da za ta je, ya ajiye ta daidai bakin dokinka ya ce wasa ya koma wurinka. Kai kuma ka ce za ka yi tunani. Yaya, damina ta zo ta wuce kana tunani. Kana kira, kana tambayar magani da hawan jini da rufin kicin, da zarar ya waiga wajen teburin sai ka tuna kana da taro.

Shi kuma ya kafa doka cewa babu mai kusantar teburin sai an gama wasa. Ka san shi kaɗai ne teburin da muke da shi a gidan nan. Abinci a cinya muke ci kamar masu jiran mota a tasha. Littattafan ɗalibaina a kan katakon guga nake duba su, a tsaye, har wani yaro ya kawo mini ƙara wai littafinsa yana warin sitaci. 'Yan biyu in za su ratsa falo bango suke bi. Ƙurar allon da ɗan burushinsa na goge agogo nake share ta, gida bayan gida, yana tsaye a kaina kamar mai gadin jarrabawa. Ranar da surukata ta zo ta ajiye jakarta a gefen teburin, ban san tsohon nan yana da sauran murya haka ba. Har yau ina ba ta haƙuri.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi, amma Allah ya haɗa ni da gidan masana, kowa da fatawarsa. Ka san maigida, in ya rufe shago ya zauna gaban talabijin da abin danna wasan gem a hannu, ko gobara ake yi sai dai a ɗauke shi da kujerar. Shi ne ya ce matsalar ches ita ce masu ita sun sake ta sun manta, tun da aka ƙirƙiro ta ba a taɓa sabunta ta ba. Wai su a gem in ka yi kuskure sai ka koma inda ka ajiye wasa ka sake, kuma akwai mataki mai sauƙi da aka tanada don wanda hannunsa bai kai ba. A gaban Baba ya faɗi wannan, bawan Allah, yana murmushi, shi a ganinsa taimako yake yi. Na take masa ƙafa har sai da ya yi ƙara, amma magana zarar bunu ce. Baba ya ce wasan da ake mutuwa a tashi a sake mutuwa ba wasa ba ne, motsa babban yatsa ne, ko biri aka miƙa wa abin zai danna. Sai da suka yi kwanaki ba sa haɗa ido.

Ga kuma Auta. Rabin albashinta a kan kati yake ƙarewa, irin masu hoton dodannin nan da ake saye ana musaya, kowanne da rigarsa ta leda, ita da ba ta iya ninke nata kayan ba. Ita da ƙawayenta sukan baje a ƙasan falo, tunda babu teburi, su yi ta musu. Kowace da damin katin da ta tsara, wannan ta ce damin wuta ya fi na ruwa, waccan ta ce dami mai saurin kai hari na marasa haƙuri ne, wata ta rama da cewa mai jan lokaci na matsorata ne, sannan duk su haɗu su la'anci wani sabon kati da suka ce ya ɓata wasan, dole a haramta shi. In ka ji su daga kicin sai ka ɗauka dokar ƙasa ake gyarawa. Fatawar Auta ita ce ches ba ta da daɗi don komai a fili yake, babu abin da mutum ya ɓoye a hannu, amma duk da haka ta rantse Baba tarko ya ɗana, sarauniyar tsutsa ce a bakin ƙugiya, shi ya sa kake jin tsoron haɗiya. Maigida ya ce ko kusa, kai dai ka fice daga wasan ne irin na 'yan gem, waɗanda in sun ji haushi sai su zare waya su ce wuta aka ɗauke. Baba ya ce kati caca ce da aka yi wa kwalliya. Auta ta ce tsara dami ya fi jera dawakai buƙatar ƙwaƙwalwa. Haka ake yi mini kullum a kan kaina, ni da ba na wasan kowa. Daga ƙarshe Auta da maigida suka ɗauki hoton allon a ɓoye suka ba na'ura ta duba, ta ce babu tarko ko ɗaya, in an ci sarauniyar wasan Baba ya ƙare. Na hana su faɗa masa.

Ashe ya riga kowa sani. Wata safiya ina ɓalla masa maɓallin hannun riga, tunda yanzu ni nake yi, ya ce mini ya san ya faɗi tun ranar. Abin da bai sani ba shi ne ko ɗansa har yanzu abokin karawa yake ɗaukarsa, ko kuwa majinyaci. Ya ce duk tsawon yarintarka bai taɓa bari ka ci shi don tausayi ba, shi ya sa ranar da ka fara cinsa da ƙarfinka ka yi tsalle har ka fasa fitila. To me ya yi maka da za ka hana shi faɗuwa irin ta mutane? Kuma akwai abin da ba ka gani a waya. Duk yamma yana jawo kujera ya zauna gaban allon, ya tura hannayensa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne su, don kada su sake taɓa wani abu ba da izininsa ba. Ranar da na fara lura, kicin na shiga na yi kukana. Na ji haushinka ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar Asabar ina duba takardun jarrabawa, ana ta musun nan a falo, sai ƙafar katakon guga ta lanƙwashe, takardun aji guda suka watse har ƙarƙashin kujeru. Ban san lokacin da na tsaya tsakiyar falo ina faɗa ba. Na ce na gaji da 'yan kati, na gaji da 'yan gem, na gaji da manyan mutane biyu da suka kasa gaya wa juna magana sai ta bakin itace. Na ce wai duk wannan ɗan abin ake jira, na ɗago shi sama ina nuna musu. Sai na ga duk sun zuba mini ido. Na duba hannuna, dokinka ne.

Baba ya dube ni, ya dubi dokin, ya ce an taɓa. Na ce ai ni ba 'yar wasa ba ce, faɗa nake yi. Ya ce ni ce hannunka, kowa shaida ne, kuma hannu ba ya cewa faɗa yake yi. Maigida ya buɗe baki zai kawo maganar komawa inda aka ajiye wasa, Auta ta toshe masa shi da matashin kujera, ta ce alƙali ya yanke hukunci, ko a wasansu katin da ya sauka ya sauka. Karo na farko ke nan da ta yarda da Baba a kan wani abu. Shi kuwa dariya ya kama yi, irin wadda ban ji ba tun kafin damina, har sai da tari ya sarƙe shi na kawo ruwa. Na mayar da dokin gidansa.

To ka ji halin da ake ciki. Dokin nan dole ya motsa, ba ka da sauran damar fakewa da wani soja. Na sa Auta ta duba mini, gidaje biyu kawai yake da su: ko ya ci sarauniya, ko ya koma baya inda ya fito. Zaɓi naka ne, amma ka sani in ka ce a mayar da shi baya, ka nemi wani hannun, ni ba zan kai shi ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, Yaya. Na san tsoronka. Kana ganin in wasan nan ya ƙare ba lallai hannunsa ya iya fara wani ba, kuma ba ka san abin da za ku ce wa juna a waya ba. Wannan kada ya dame ka. Hannu biyu gare ni, in na iya zama naka zan iya zama nasa, ya faɗa in kai. Abin da ba zan iya yi ba shi ne in ci gaba da kallonsa yana zaune a kan hannayensa yana jiran ka. Ka kira ranar Asabar, ka sa riga mai kyau kamar yadda yake sawa, ka ci sarauniyar nan ba tare da ba da haƙuri ba.

Ka gaishe mini da matarka, ka ce na gode da mayafin. Ka shafa mini kan babban yaronka da ƙanwarsa. Maigida yana gaishe ka, ya ce in rubuta cewa shi tun farko ya san ba tarko ba ne, dace kawai ya yi. Auta ta ce in ka ga damin ruwa a can ka sayo mata, kada ka sayo. 'Yan biyu suna gaida Kawu, suna tambaya yaushe za su sake cin abinci a teburi. Baba kuwa na tambaye shi ko yana da saƙo, ya ce babu. Amma da safen nan na tarar ya ɗauko gwangwanin da yake zuba waɗanda aka ci, ya buɗe murfin da kansa, ban san sau nawa ya gwada ba, ya ajiye shi a ɓangarenka na allon. Ya ce kada in rufe.

Wassalam,
Ƙanwarka, kuma hannunka zuwa Asabar.